Mangwaron da Na Auna

Ma'aikaciyar lafiya ta raba mana 'yan gwangwanaye a unguwarmu ta Uwani. Ta ce wata muguwar iska, radon, tana fitowa daga ƙasa, kowa ya ajiye nasa a ɗakin kwana wata uku don a auna ta. Ni kuwa na rantse ɗakina ba zai kunyata ni ba. Kullum da safe sai in rataye gwangwanin a bishiyar mangwaro ya sha iska mai kyau.

Da ta dawo na faɗa mata da alfahari. Sai ta ce:

"Baba, ai mangwaro ka auna. Ɗakin 'ya'yanka fa?"

Dole muka sake daga farko. Har yau Sani mahauci yakan ce, "Malam, ya jikin mangwaro?"

"Garau," nake cewa. "Taku bishiyar fa, wa ya taɓa duba ta?"