Ɗan Bebin Roba a Aljihun Kaftanina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka naɗa ni sarki a Dubai ba, ko da yake na fi son in manta.

Lokacin ina aiki a wani kamfanin kago a Al Quoz, ina bin sawun kwantenoni a kwamfuta daga safe har yamma. Kwana kuma a Karama nake yi, a wani fulat da aka yayyanka da katako. Maƙwabcina na dama ɗan Indiya ne, na hagu ɗan Filifin, dukanmu mutanen kirki, amma gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga kai a bakin banɗaki. Matata da 'yata suna Zariya suna jiran biza. Na san akwai Hausawa a garin, ana cewa suna can wajen Deira, sai dai ranar hutuna ba ta haɗuwa da ta kowa. Watanni suka shuɗe ban yi Hausa da mutum ido da ido ba. (Akwai ranar da na kama kaina ina yi wa tukunyar shinkafa faɗa da Hausa, har ina jiran ta ba ni amsa.)

A wurin aiki mutum ɗaya ne yake zama ya ci abincin rana da ni, wani injiniya mai suna Rene. Baƙin Ba'amurke ne daga Luwiziyana, ya ce su ake kira Kiriyol. Rene akwai surutu, kuma kusan duk hirarsa ta gida ce. Shi ya ba ni labarin yadda a ƙauyukan yankinsu maza kan rufe fuska su yi shigar ban dariya, su bi gida gida suna waƙa suna roƙon kaza, mai gida ya wurga ta sama su bi ta da gudu cikin taɓo. Na ce masa ai wannan tashe ne, illa dai mu ba ma wahalar da kaza. Ya kuma ba ni labarin kakarsa, wadda mutane ke zuwa wurinta da ciwo, ta dafa wurin, ta yi wata addu'a a ɓoye da Faransancinsu, ba ta karɓar komai, ba a ma yi mata godiya. Na yi murmushi, amma a zuciyata na ajiye: ashe jikan mai magani ne.

Wata rana ya ce, “Habibi, Asabar ka zo gidana. Lokacin bikinmu ne, Selest za ta yi gumbo. Kaza ce ta halal, kada ka damu.”

Selest matarsa ce. Tunda na sauka a ƙasar ba wanda ya taɓa cewa in zo gidansa. Na fito da farar shaddata daga ƙasan akwati, na goge ta sau biyu, na kafa hular da na yi aure da ita. Da na isa, sai na tarar kowa da gajeren wando da sarƙoƙin roba masu launi a wuya. Ni kaɗai na yi kama da wanda ya zo ɗaurin aure ya ɓata hanya.

Amma an karɓe ni hannu biyu. Aka zuba mini gumbo a kan shinkafa, na kai loma ɗaya sai da idona ya kawo ruwa, don miyar kuɓewa ce da ta yi tafiya mai nisa ta canza suna. Wani dattijo yana matsa abin kiɗa kamar zugazugin maƙeri, Rene ya rataya wani faffaɗan ƙarfe mai kurji-kurji a ƙirji yana karta shi da cokula. Kowa ya san waƙoƙin, kowa ya san inda ake ihu. Ni kuwa ina gefe da faranti, ina ta murmushi har kumatuna suka gaji. Akwai wata dattijuwa mai ɗankwali kusa da taga, Selest ta ce ƙawarta ce daga asibitin da take aiki. Da Turanci muka gaisa, na ɗauka ita ma 'yar can ce.

Bayan la'asar aka fito da wani kek mai kama da gammo, an barbaɗa masa sukari kore da rawaya da shuɗi mai duhu. Rene ya yi wani jawabi cikin hayaniya wanda ban kama ko rabinsa ba (na dai tafa da aka tafa). Shi da kansa ya yanko ya miƙo mini, yana wani kashe mini ido.

Gutsura ta biyu haƙorina ya ci karo da abu mai tauri. Na juya baya, na tofa a tishu, na duba. Ɗan jariri ne. Ɗan bebin roba tsirara, bai kai kan yatsa ba, ya ɗaga hannuwa yana kallona.

Jama'a, ni na yi digiri. Amma a wannan lokacin digirin ya kama gabansa ya bar ni da labaran da na ji ina yaro, na layar da aka tsinta a tuwo da allurar da aka binne a bakin ƙofa. Na tuna kakar Rene. Na tuna shi ya yanko da hannunsa. Na tuna kashe idon. Duk mutanen Dubai, me ya sa ni kaɗai ya zaɓa yake ci da ni kullum? Na naɗe abin a tishu, na karanta duk abin da ya zo bakina, na tofa masa sau uku, na jefa a aljihu. Sannan na sulale baranda na ja ƙofar gilashi, na kira yayata.

“Yaya Binta, an yi mini sammu.”

“Innalillahi! Auta, a ina? Wa?”

“Wannan Rene ɗin da nake ba ki labarinsa. Mutum-mutumi ya sa mini a abinci. Na faɗa miki kakarsa bokanya ce.”

“Ka haɗiye?”

“Allah ya kiyaye, yana aljihuna.”

“Kada ka taɓa shi da hannun dama! Ka fita daga gidan nan yanzu. Bari in aika wurin Malam.”

Da ƙarfi nake magana, irin ƙarfin wanda ya saba ba mai jin yarensa. Ta cikin gilashi na lura kiɗa ya tsaya. Mutane suna dudduba faranti, wasu sun durƙusa suna leƙa ƙarƙashin kujeru. Selest ta riƙe ƙaramar 'yarsu tana buɗe mata baki da yatsa, yarinyar tana kuka. Na ce wa Yaya, “Kin gani, nemansa suke yi. Sun gane bai shiga cikina ba.”

Sai na ji murya a bayana, a hankali, da Hausa.

“Ɗana, jaririn yana wurinka?”

Na waiga. Dattijuwar nan mai ɗankwali ce, zaune a lungun baranda kan dardumar salla, da carbi a hannu. Tun kafin in fito tana wurin.

Na daɗe ina mafarkin ranar da wani zai yi mini Hausa a garin nan. Na sha tsara yadda zan rungume shi, idan kuma mace ce in durƙusa in gaishe ta. Ban taɓa tsara wannan ba.

“Mama... kuna jin Hausa?”

“A zangon Kumasi aka haife ni. Sunana Fusaina.” Ta miƙe tana naɗe darduma. “Wasan su ne. Ana sa ɗan bebi ɗaya a kek, wanda ya samu shi ne sarkin yini, shi zai kawo kek na gaba. Yanzu kek ya ƙare ba a gan shi ba, uwar tana tsoron yarinya ta haɗiye. Suna maganar asibiti. Yalla, mu shiga.”

Yaya Binta tana ta “Auta? Auta, wace ce wannan?” na kashe wayar.

Tafiyar daga baranda zuwa tsakiyar falo ita ce mafi nisa da na taɓa yi, har da ta jirgin da ya kawo ni. Na zaro tishun, ya jiƙe da tofi, na warware shi a gaban kowa. Selest ta saki numfashi ta zauna a ƙasa rungume da 'yarta. Sai ihu ya tashi, aka dawo da kiɗa, wani ya ɗora mini kambin takarda a kan hulata ta aure.

Hajiya Fusaina ta rufa mini asiri. Ta ce musu kunya ce ta kama ni, na ɗauka abin wasan yara ne ya faɗa cikin ƙullu, ban so in tozarta uwar gida ba. Kowa ya ce kai, wannan mutum akwai ladabi. Da na yi shiru da shi ke nan. Amma Rene ya dafa kafaɗata ya ce, “Na ji kana ta kiran sunana a waya. Me ka ce?”

Na dubi Hajiya, ta dubi silin. Sai na faɗa masa gaskiya, cikin Turancin da ya ƙi ba ni haɗin kai.

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, cokulan hannunsa suka zube. Da dariyar ta lafa sai ya ce, “Na ga inda Selest ta tura shi, da gangan na yanko maka wurin. Na ga kullum kai kaɗai ne. Na so yau a yi ta kiran sunanka.”

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na kai kek ɗin da ke kaina bayan mako biyu, na haɗa da cincin. Rene bai sake tayar da maganar ba sai a wasa, kuma mun ci gaba da cin abinci tare har aka mayar da shi wani reshe a wata ƙasa. Hajiya Fusaina kuwa, kunya ta hana ni karɓar lambarta ran nan. Da na tambaya daga baya aka ce ta koma Gana. Mutum ɗaya da ta yi mini Hausa ido da ido a shekarar, hirarmu duka ba ta wuce ta mutum-mutumi ba.

Ita Yaya Binta har yau ba ta gamsu ba. Ta ce in dai ci gaba da shan rubutun da ta aiko, tunda ba a san gaskiyar Turawa ba, ko da baƙaƙe ne.

Abin da na koya shi ne, in mutum ya daɗe ba wanda ya yi masa alheri, ranar da aka yi masa sai ya tsaya neman inda aka ɓoye ƙugiya. Yanzu in na ci karo da abin da ban gane ba a gidan mutane, ina tambayar wanda ke kusa da ni kafin in kira Zariya. In kuwa kiran ya zama dole, sai na leƙa kowane lungu na baranda tukuna.