Mai Yi Wa Iska Taga

Wani ne a Garatu, bayan yaƙin basasa da kaɗan, zafin bazara ya hana shi sakat. Kaji sun saki baki, ganye ko motsi ba ya yi. Ɗakinsa ɗaya tak, ginin ƙasa da jinka, ga damina na tafe.

Ya shigo Minna, ya tarar da Malam Tsado, malamin firamare, a gindin mangwaro da rediyonsa.

"Malam, wannan zafin fa?"

"Iska ce ta sauya hanya. Mai sanyin da ke zuwa daga kudu, ta arewa mai zafi ta tare ta."

"Wato tana nan, hanya ce ba ta samu ba?"

"Kusan haka."

Gogan naka ya koma gida, ya ɗauki diga, ya fasa bangon kudu. Ya zauna a gaban ramin, ya ɗaga gashin kaza. Gashin bai motsa ba.

Matarsa Rifkatu ta ce, "Maigida, ɗakin nan in ya faɗi, gidan babana zan koma."

"Ke ba ki san ilimi ba."

Ranar kasuwa ya sake samun Malam. "Na buɗe mata, ba ta shigo ba."

Malam bai tambayi me aka buɗe ba. Ya ce, "Wani lokaci takan karkato ta yamma."

Bangon yamma ya sha diga. Maƙwabcinsa Gaiya ya rantse ya ji ɗan sanyi ta gabas. Na gabas ma ya tafi. Na arewa kuwa don mai zafin ta samu hanyar fita ya fasa shi, wai kada su yi karo a ƙofa. Ɗaki ya koma kamar rariya, akuya na shiga ta nan tana fita ta can. Ni dai matar ce ta ba ni tausayi.

Ran nan da la'asar hadari ya haɗo. Iska ta taso da ƙarfi, ta sure jinkar ɗungurungum, ta dire ta a gonar doyar Gaiya. Ruwa ya sauko musu a ka, bangon kudu ya zauna.

Rifkatu ta ɗaure kayanta, ta tsaya a kansa jiƙe sharkaf.

"To, ga iskarka ta iso."

Ya dubi sama, ya dubi gashin kazar da ya jiƙe.

"Wannan ba ita ba ce. Tawa ta taga za ta shigo."