Birkin da Na Taka a Hanyar Gummi

Saura kaɗan in haɗiye wannan labari in tafi da shi kabari. Sai na tuna daga Anka har Gummi ba wanda bai ji shi ba, kowa kuma da gishirin da yake ƙara masa, to gara ku ji daga bakin mai abin. Ba zan taɓa mantawa da ranar ba. Ko na so in manta, Gwaggo Tumba tana nan da ranta.

Ni tsohon direban tirela ne. Legas, Kwatano, Yamai, Agadas, duk na kai kaya. Da gwiwa ta fara ƙara sai na ajiye babbar mota na sayi 'yar ƙarama, na kama ɗaki a Bukkuyum ina ɗan jigila. Matata Mairo ta rasu shekarun baya, yara sun girma sun watse. Mutane sun san ni da barkwanci, ko a zaman makokinta ni ne mai ba 'yan gaisuwa dariya, har ana cewa kai, bawan Allah nan akwai tawakkali. (Tawakkalin me. Ban dai san yadda ake ajiye fuska ba in ba da dariya ba.)

A Agadas na fara jin kiɗan, a garejin wani makaniki muna jiran a haɗa mana giyar mota. Jita ɗaya, murya ɗaya, a hankali kamar mai tafiya da kaya a ka. Na tambaya, ya ce sunansa buluz, na baƙaƙen Amurka ne. Na ce wannan ai ɗan'uwan garaya ne da ya ɓata a hanya. Shi ke nan na manta, sai da 'yata ta saya mini babbar waya ta koya mini yadda ake neman abu a ciki.

Manyan mawaƙan, masu fitilu da taron jama'a, ba su riƙe ni ba. Can ƙasa na gangara, wajen waɗanda ba kamfanin da ya san da su, su suke ɗaukar kansu su saka. Wata mata tana waƙa a kicin, tukunya na tafasa a bayanta. Wani makaho yana busa ɗan ƙarfen nan da ake gogawa a baki. Sai nawa, wani tsoho mai giɓi da ke zama a barandar gidan katako, kare na gilmawa a bayansa, yana buga ƙasa da ƙafa ɗaya maimakon ganga. Masu kallonsa ba su kai cika motar kasuwa ba. Turancina na tasha ne, ban jin rabin abin da yake faɗa, amma na san mai maganar wani ya tafi ya bar shi. Na sa masa suna Baba Giɓi. In na dawo bayan la'asar, in dafa shayi, in jingina waya da kofi, mu zauna.

Abin da ya dame ni ɗaya ne: in samu mutum ko guda ɗaya ya ji abin da nake ji. Na gwada a wurin mai shayi, aka ce in kashe kar madara ta tsinke. Na gwada wa fasinjoji, wani ya ce gara in sa labarai ko na mutuwa ne. Sai na koma ɗaki da abina.

Ana nan sai ga bikin Abu, 'yar yayata Kulu da ke Anka. Malamar makaranta ce, ita ta zaɓi mijinta, wani mai shagon magani a Gummi. Kun san yadda hanyarmu ta zama da 'yan bindiga, yanzu da rana tsaka ake kai amarya, a dawo tun da ido. Yaya Kulu ta ce ba wanda zai ja gaba da ɗiyarta sai ni, tunda na ci titi. Na kumbura kamar an naɗa ni sarkin hanya. Na tara direbobin a ƙofar gida na yi musu huɗuba: ba tsayawa, ba fitsari, ba sayen rake. "In kun ga na taka birki na sauka gefen titi, kada wanda ya jira bayani, kowa ya yi ta kansa." Da bakina na faɗa. Har da ɗaga yatsa.

A motata akwai amarya da ƙawarta a baya, sai Gwaggo Tumba, ƙanwar uban amarya, a gaba kusa da ni da jakar goronta. Ni kuwa na zo da shirina a ɓoye. Na ce yau ga mutane a cikin mota ba inda za su gudu, ga amarya tana kukan barin gida, in akwai ranar da Baba Giɓi zai samu masu fahimtarsa to yau ce.

Abin da ban lissafa ba, kukan amaryar zamani bai wuce ƙofar gari. Muna fita Anka na leƙa madubi, sai ga hasken waya a ƙarƙashin mayafi, ita da ƙawarta suna ƙyalƙyala a hankali. Na ce ba komai, na dai haɗa wayata da rediyon mota na kunna.

Tsoho ya fara. Gwaggo Tumba ta tsaya da taunar goro.

"Wanga mi ya same shi? Haƙori ka yi mai ciwo?"

"Waƙa ce, Gwaggo. Ki saurara."

"Ranar biki? Kai dai ba ka girma. Ɗiyan mutane na murna ka kawo muna mai nishi."

Na yi dariya na ƙara murya kaɗan. Muka wuce mararrabar Bukkuyum, dawa ta yi tsayi dama da hagu, motoci na biye da ni a jere. Akwai wani wuri a waƙar da tsohon ke daina magana, ya rufe baki yana gunji kawai, ƙafarsa na bugawa. Na sha jin wurin nan ba adadi, amma kullum a ɗakin da ba ƙamshin komai sai na mai da sabulun wanki. Ban taɓa jin sa a cikin ƙamshin humra da lalle da turaren wuta ba. Kuma Mairo 'yar Gummi ce. A kan wannan titin aka kawo mini ita, da wannan ƙamshin.

Wallahi ban ji zuwansa ba. Kukan da ban yi a makabarta ba, ban yi ranar sadakar uku ba, ban yi ta arba'in ba, shi ya zaɓi ranar bikin Abu, ina riƙe da sitiyari. Kuma ba irin na maza ba, ɗan hawaye a goge da hula. Da sauti, da majina, kafaɗa na rawa. Titi ya narke a idona. To direban kirki in bai ga hanya me zai yi? Na taka birki na sauka gefen titi.

Jama'a, an bi umarnina sosai.

Motar da ke bayana ta yi kwana a wurin da ko keke bai isa ya juya ba. Bas ɗin mata ta buɗe, suka zubo suka shige dawa, wata da goyo, wata da takalmi ɗaya. Kwallar alkaki ta kife a kwalta. Babban abokin ango, da shaddarsa mai sitati tun daga Kano, ya kwanta ruf da ciki a kwalbati. Wani mai babur da ke tahowa ya gan mu ya juya, shi ya kai labari Gummi kafin mu. Gwaggo Tumba, wadda ke cewa ƙafarta ba ta lanƙwasuwa, ta dunƙule a ƙasan kujera tana salati. (Ina ba ku dariya, amma tsoron nan ba na wasa ba ne. A cikin matan akwai waɗanda suka taɓa kwana a daji da gaske. Wannan ya fi komai ba ni kunya har yau.)

Sai wuri ya yi tsit. Ba harbi, ba babura. Ba abin da ke tashi a dajin nan sai jitar Baba Giɓi da shessheƙata.

Gwaggo ta ɗago kai a hankali. "Ina suke? Su nawa na?"

Na nuna rediyon mota.

Amarya ce ta yaye mayafinta, ta miƙo mini tsumman da aka ba ta don nata kukan, a bushe ƙayau. "Kawu, yi haƙuri. Kawu, ya isa." Haka mutane suka fito daga dawa ɗaya bayan ɗaya, ƙarangiya a zannuwa, suka tarar da amarya tana lallashin direba. Abokin ango ya iso yana kakkaɓe laka, ya ce, "Alhaji, mi ka gani?" Na ce, "Ban ga komai ba. Shi ya sa na tsaya." Gwaggo ta taya ni bayani da ƙarfi, yadda na bayan bas ma za su ji: "Wani tsoho na cikin waya ya yi nishi, shi ko ya amsa mai!"

Aka karɓe makullin. Abokin ango ya ja motar, aka sa ni a gaba ina jan hanci, Gwaggo ta koma baya. Mun shiga Gummi muka tarar da 'yan sa-kai a bakin gari da bindigoginsu, dangin ango sun fito ana ta innalillahi. Har yau in na shiga tashar Gummi sai wani ya ce a ba amarya wuri.

Na dai koyi darasi. Kuka in ka hana shi fita ranar da aka ware masa, ba ya fushi, jira yake ka tara jama'a. Kuma in za ka kafa doka, ka fara tabbatar ba kai za ta kama ba.

Bayan an watse biki sai ga Yaya Kulu a Bukkuyum, ita da ba ta son hanya. Na shirya shan faɗa. Ta zauna a tabarmata, ta dubi kofi ɗaya, cokali ɗaya, filo ɗaya. Ta ce in sa mata waƙar. Na sa. Ba ta ce haƙori ba, ba ta ce nishi ba, ta saurara har tsohon ya ajiye jitarsa ya miƙa hannu ya kashe abin ɗaukar da kansa. Sannan ta juyo gare ni.

"Auta, ashe tun da Mairo ta tahi, tsohon ga shi kaɗai na abokin hirarka?"