Sallata da Kifin Mai Gida

Kwanana goma kacal a Guangzhou na shaida wa Kawu, wanda ya kawo ni saro kaya, cewa na gaji da cunkoson masaukin 'yan Kano, zan kama ɗakina.

"Kai yaro, bari sai bayan Sallah," in ji shi.

Na yi masa lacca, har da bayanin cewa kalmar haya ma daga Turanci aka aro ta, ni kuwa Turanci a jinina yake. Na samu ɗaki can nesa a unguwar Panyu, na dangwala yatsa a jan tawada kamar mai sayen jirgi.

Ashe sabuwar shekarar 'yan China ta ƙarato. Cikin kwana biyu masana'antu suka rufe, kowa ya tafi ƙauyensu. Mai gidan ya miƙo min makullai da kifinsa na ado a kwalba, shi ma ya yi gaba.

Ranar Sallah na caɓa ado, na rasa wanda zan gaisar. Na tsuguna gaban kwalbar na ce, "Barka da Sallah." Kifin ko kallona bai yi ba.

Da na koma masauki, bakina ya ja min, na ba su labarin Sallata da kifin. Har yau in Kawu ya gan ni sai ya ce, "Ya iyali? Ana dai canza musu ruwa ko?"