Yadda Kwamfutata Ta Cinye Muryar Kawu Ilu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga ɗakin takabar Inna Hajara da faifai a aljihu, ina hura hanci ba. A farkon shekarun Shari'a ne, lokacin da kiɗan biki ya ja baya a Daura, walima ta zama yayi. Ni kuwa na buɗe ɗan shago kusa da tasha, ina ɗaukar walima a bidiyo, in tace a kwamfuta, in zuba wa mutane a faifai.

Kwamfutar 'yar gwanjo ce daga Kano, kafin ta haɗa aiki guda sai ka yi azahar ka yi la'asar. Wata rana a kafen intanet na karanta cewa ana iya shiga bayos, wato wurin saitin madabod, babban allon da ke cikin kwamfuta, a ƙara wa inji gudu fiye da yadda maƙeransa suka tsara. (Rabin Turancin na gane, sauran rabin na cike da kaina.) Na dawo na ɗaga lambobi sama. Ta kuwa ɗauki gudu, ni ma kaina ya kumbura.

Ba a jima ba ta fara tsiya. Ana cikin aiki sai fuskarta ta koma shuɗiya, ta mutu, ta tashi da kanta. Na ce zafi ne, na cire murfin gefe na kafa mata fanka, ina zufa tana shan iska. Na ce janareto ne. Na ce bairos ne, na wanke ta tas na sake zuba mata komai. Na zare ram ɗinta biyu, sandunan da take riƙe aiki a cikinsu yayin da take yin sa, na goge haƙoransu da kilinar fensir, na sauya musu gurbi. Dama ba ƙirar wuri ɗaya ba ne, ɗaya ya fi ɗaya sauri, kamar an haɗa sa da jaki a garma. Har wuta na ƙara musu. Da na sa manhajar gwajin ram ta cika min fuska da jan layi, sai na kashe manhajar na ce ita ce ba ta da lafiya. Komai na zarga ban da gudun da na ƙara, don in na rage shi, da me zan riƙa cika baki a majalisa?

Ana cikin haka Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, mai fataucin dabbobi a Mai'adua, ya yi walimar saukar Alƙur'ani ta 'yarsa Zainabu. Kawu mutum ne da bai yarda da hoto ba. Amma ranar farin ciki ya ɗebe shi, ya dubi kyamarata ya ce, "Ɗauka, ɗan nan, ɗauka da kyau." Ya daɗe yana yi wa Zainabu nasiha, ya sa mata albarka har muryarsa ta yi rawa.

Na juye kaset ɗin kyamarar a kwamfuta. A lokacin kaset sai an je Kano, don haka al'adarmu ta masu bidiyo, da ka juye sai ka ɗauki wani aikin a kansa. Na haye kan walimar Kawu da taron 'yan acaɓa.

Ba a rufa wata ba motar shanu ta kife da Kawu a hanyar dawowa daga kasuwa, ya rasu nan take.

Bayan an share makoki Zainabu ta aiko cewa Inna, matar Kawu, tana son ganin walimar. Duk gidan babu hotonsa ko muryarsa sai abin da ke hannuna. Na zuba walimar a faifai, na leƙa farkonsa na ga lafiya lau, na hau acaɓa.

Na tarar da ɗakin cike da mata 'yan uwa, an aro talabijin a maƙwabta. Har da sanarwa na yi, wai wannan aiki da kwamfuta mai gudu biyu aka yi shi. (Ba wanda ya tambaye ni.) Aka ga ɗalibai suna karatu, aka ga ana rabon shinkafa. Sai ga Kawu ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya, ya ce, "Zainabu..." Nan fuskarsa ta farfashe ta zama koren dabbare-dabbare, muryar ta koma ƙara mai huda kunne, hoton ya tsallake zuwa inda maza ke wanke hannu.

"Yaya, ko faifan ne ya yi datti?" in ji Zainabu.

Na goge shi da rigata, na hura, na mayar. Haka dai.

Ta ce, "To ai kaset ɗin yana nan, ko?"

Na duƙar da kai na ce, "'Yan acaɓa ne a kai."

Wata tsohuwa ta saki salati. Zainabu ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na yi fatan ƙasa ta tsage in shige.

Sai Inna ta yi magana daga kan tabarma, a hankali. "Ɗan nan, mai da shi baya, wurin da ya yi gyaran murya." Na mayar. Ta saurara ido rufe, ta ce, "Shi ne. Haka yake yi in zai shigo gida. Ƙara mayarwa." Na yi ta mayarwa har ta ce ya isa. Ta dube ni ta ce, "Ko wannan ma ka kyauta. Allah ya yi maka albarka." Wallahi da marina ta yi da ya fi min sauƙi.

Na koma shago na duba na cikin kwamfutar, shi ma haka yake, tun wajen juyewa ram ɗin ya dagula shi. Na mai da lambobin bayos yadda na same su, na sake gwaji, ko jan layi ɗaya bai fito ba.

Abin da na koya, in inji ya fara ciwo, ka fara tuhumar hannun da ya taɓa shi, ko da kuwa a jikinka yake, kuma kada ka gwada gwaninta a kan abin da ba shi da na biyu. Yau Zainabu tana da 'ya'ya har sun girma. Duk abin da suka sani na muryar kakansu, gyaran murya ne da sunan uwarsu.