Yadda Za Ka Tara Baƙi Dubu Arba'in A Shafinka Ba Tare Da Kowa Ya Karanta Ba

Ɗan'uwa mai shafi a intanet, gyara zama. Idan yau watanka shida kana rubutu babu mai leƙowa sai ƙanwarka da wani wanda ya shigo bisa kuskure, to damuwarka ta zo ƙarshe. Matakai takwas ne. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari cikin wata uku mitar da ke ƙirga baƙin shafinka za ta yi gudun da idonka ba zai iya bi ba.

Don kada ka ce fatar baki ce, zan riƙa ba ka misali da ɗalibina, wanda ake kira Injiniya. Bai karanci injiniyanci ba. A shagon buga takardu yake aiki, ya taɓa zaro wata takarda da ta maƙale a inji a gaban jama'a, shi ke nan suna ya bi shi. Mahaifinsa ne gwanin gaske, shekara arba'in yana gyaran keken ɗinki, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, hannun dama ya daina riƙe sukundireba. Da aka dawo da shi daga asibiti sai Baba ya juya fuska ga bango, wata biyu ba ya cewa komai sai "to" da "a'a". Matar Injiniya ce ta kawo shawarar a buɗe shafi, Baba ya riƙa faɗin abin da ya sani ana rubutawa, ko bakinsa zai buɗe. Ya kuwa buɗe. A nan kuskurensu ya fara, don sun buɗe shafi saboda mutum ɗaya alhali duniya cike take da mutane.

Mataki na ɗaya: Ka raina abin da ke hannunka

Ranar da Injiniya ya zo wurina, masu karanta shafinsa su tara ne: teloli bakwai, wata malama mai koyar da ɗinki, sai wata mata da ba a san garinsu ba, mai sa hannu da Mai Allura. Ita ce mai yawan tambaya. Shekararta ashirin da uku a kan keke, kuma duk kwana biyu ko uku sai ta rubuto. Yau keken yana tsallake ɗinki a yadi mai santsi, jibi zaren ƙasa yana cukurkuɗewa, wata rana kuma tana jin ƙara daga ciki in ta taka da sauri. Da safe kafin ya tafi aiki Injiniya kan karanta wa Baba, shi kuma ya sa a fito da shi baranda, a gyara masa wuyan riga, ya lumshe ido ya ce, "Tambaye ta, ƙarar tana zuwa ne in allura na sauka ko in tana hawa?" Ranar da akwai tambaya yakan ci abinci har ya nemi ƙari. Ranar da babu, sai an yi ta lallashi.

Na ce wa Injiniya, "Tara? Ai ko motar haya ɗaya ba su cika ba." Ya sunkuyar da kai, kuma haka nake so kai ma ka yi. Ci gaba yana farawa ne ranar da mutum ya fara jin kunyar masu sonsa.

Mataki na biyu: Kada ka bar fili ya zauna banza

Ka dubi shafinka kamar yadda mai gidan haya ke duban tsakar gida yana tunanin inda zai ƙara ɗaki. Duk farin wuri asara ne. Ka sa talla a sama, biyu a gefe, ɗaya bayan kowane sakin layi. Ka sa mai bin mutum duk inda ya ja shafi. Sannan ka sa mai faɗowa a fuska, wadda alamar rufe ta ba ta kai ƙwayar gero ba, ta yadda duk wanda ya kai yatsa zai rufe sai ya buɗe.

Injiniya ya yi duka a rana ɗaya. Bayanin Baba a kan yadda ake daidaita zaren sama da na ƙasa ya koma tsakanin maganin rage tumbi da tallar filaye a wani gari da ba a fara ginawa ba. Matarsa ta karɓi wayar ta yi ta ja.

"Wai ina maganar Baba take?"

"Tana nan ƙasa, ci gaba da ja."

"Na kai wajen wani mai sayar da agogo."

"To kin kusa."

Mu masana wannan muke kira daidaito, kashi tara talla, kashi ɗaya rubutu, don kada mai talla ya ji an ƙware shi.

Mataki na uku: Ka shiga musayar baƙi

Talla tana son ido, ido kuwa ba ya zuwa da kansa. Akwai wani ɗan akwati da ake maƙalawa a gefen shafi, ana ba da shi kyauta. Aikinsa mai sauƙi ne. Ka buɗe shafin wani ka zauna sakan goma, a rubuta maka maki ɗaya. Da makin nan za a turo wani ya buɗe naka, shi ma ya zauna sakan goma. Akwatin kuma yana nuna wa baƙinka hotunan shafukan wasu, don in sun gaji da kai su san inda za su nufa.

Kada ka karanta komai. In ka tsaya karatu za a bar ka a baya. Injiniya ya ajiye waya a gefen injin buga takardu, hannu ɗaya yana miƙa wa mutane kwafi, ɗayan yana dannawa: jira, danna, tabbatar, danna. A mako guda ya ziyarci shafuka dubu biyu da wani abu. Na tambaye shi me ya gani, ya ce akwai ɗaya mai launin kore.

Mataki na huɗu: Kada ka tambayi baƙo daga ina yake

Wata biyu ba su cika ba mita ta haye dubu ashirin. Injiniya baki har kunne, yana nuna wa duk wanda ya zo buga takarda, har da waɗanda suke sauri.

Wasu za su zo maka da zancen ingancin baƙi. Za su ce duba, kowa sakan goma yake yi ya fita, babu mai kai wa goma sha ɗaya. Ka ce musu wannan alamar tarbiyya ce, baƙon kirki ba ya daɗewa. Za su ce wurin sharhi ya cika da "Shafi mai kyau, ziyarci nawa" har sau ɗari shida. Ka ce musu yabo ne. Matar Injiniya ma ta sa baki, ta ce, "Wato kai kana leƙa nasu ba ka karantawa, su suna leƙa naka ba sa karantawa, kuma duk kuna murna?" Na ce masa kada ya amsa, ba fanninta ba ne. Abin da tallar ta kawo a wata biyun ya isa ya sayi data ta mako guda, ita kuma ta ƙare a danna shafukan wasu, ka ga ke nan harkar tana ɗaukar nauyin kanta.

Mataki na biyar: Ka toshe kunne ga koke

Teloli bakwai ɗin nan masu kunya ne, sun zame ɗaya bayan ɗaya ba sallama. Malamar ma haka. Mai Allura ce kaɗai ta yi magana.

"Ɗan Baba," ta rubuto, "don Allah shafin ya yi wa wayata nauyi. Jiya sau huɗu ina buɗewa tana mutuwa. Da ya buɗe na je zan rubuta tambaya, yatsana ya taɓa wani akwati, sai na tsinci kaina a wajen masu kiwon kifi. Keken yana nan yana cin yadin mutane. A gaishe da Baba da jiki."

Injiniya ya kira ni, murya a sanyaye, wai ko ya rage tallar. Na ce masa ya yi lissafi da kansa, mutum ɗaya a nan, dubu ashirin a can. Na ba shi amsar da ake bayarwa, ya kwafa ya aika: "Muna godiya da ziyara, a ci gaba da kasancewa tare da mu." Baba kuwa aka ce masa tana gaishe shi. Ya ce, "Gaisuwa kawai? Ba ta ce komai a kan keken ba?" Aka ce masa ba ta ce ba.

Mataki na shida: Ka share shara da hannu ɗaya

In sharhin banza ya kai dubu, dole a share. Kada ka ɓata lokaci kana duba su ɗaya-ɗaya. Akwai wurin zaɓar duka.

Wata Talata da rana, shago cike da ɗalibai masu buga takardun jarrabawa, Injiniya ya zaɓi duka. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ta sake tambaya, ta ce in an goge ba a dawowa da su. Amma hannun da ya yi wata uku yana jira, danna, tabbatar, danna, ba ya neman izinin ido. Sai da yatsa ya riga ya sauka sannan ya hango sunan Mai Allura a tsakiyar jerin, da farkon saƙon: "Ɗan Baba, ba zan iya da shafin nan ba. Ga lambar wayata, in Baba zai yarda ya yi magana da ni, ita ce sifili..." Shafin ya yi fari fat.

Ya tsaya riƙe da takardar wani yaro har sai da mai shagon ya daka masa tsawa. Ba shi da sunanta na gaskiya, ba shi da garinsu, don shafin bai taɓa tambayar kowa komai ba. Da ya kira ni ya faɗa mini, na yaba masa da saurin hannu, ya kashe wayar ban gama magana ba.

Mataki na bakwai: In tsoho ya tambaya, ka nuna masa mita

Kwana goma Baba yana tambaya kowace safiya, "Matar nan ta rubuto?" A rana ta sha ɗaya Injiniya ya bi shawarata, ya durƙusa gefen gado ya kara masa wayar kusa da ido.

"Baba, ka ga, mutum dubu arba'in ne suka shigo shafinka."

Baba ya daɗe yana kallon lambar.

"Dubu arba'in?"

"Har da ɗari uku."

"Kuma duk kekunansu lafiya ƙalau? Babu wanda nasa ke tsinka zare?"

Injiniya ya janye wayar. Daga ranar Baba bai ƙara cewa a fito da shi baranda ba, kwanon abinci ya riƙa komawa kicin yadda ya zo. Hankalin Injiniya ya tashi ƙwarai, har ya yi abin da ban sa shi ba. Ya cire tallar duka, ya cire akwatin musaya, ya rubuta a saman shafi da manyan baƙaƙe: "Mai Allura, in kin ga wannan, Baba yana jiran tambayarki." Ya jira mako biyu yana duba waya ko a kan hanya. Ba ta gani ba.

Mataki na takwas: In baƙo ya ƙi zuwa, ka ƙirƙiro shi

Wannan shi ne matakin ƙwararru. Wanda ya tara baƙi dubu arba'in da babu su, ɗaya ba zai gagare shi ba. Na tura wa Injiniya saƙo, na ce ya rubuta tambaya da kansa ya sa sunanta a ƙasa.

Ya zauna zai rubuta, sai ya gane cewa a gidan keke aka haife shi amma bai san abin da ake tambaya a kan keke ba. Yana yaro in Baba ya ce zo ka riƙe mini nan, sai ya ce yana da aikin makaranta. Ya rubuta iyakar abin da ya zo masa. Da safe ya shiga ɗakin da fara'ar aro.

"Baba, ta rubuto!"

Tsohon ya juyo da sauri har bargo ya zame. Ya ce a tashe shi zaune, a gyara masa wuyan riga.

"Karanta."

"Ta ce, Baba ina wuni. Allurata ta karye. Yaya ake cire ta a sa sabuwa?"

Matar Injiniya da ke bakin ƙofa da kofin shayi ta dubi ƙasa, don ko ita da ba ta ɗinki ta san mai shekara ashirin da uku a kan keke tana canja allura ne tana hira.

Baba ya lumshe ido. Sannan ya fara bayani a hankali, bai tsallake komai ba: a juya ƙafar keke allura ta hau sama, a sassauta ɗan ƙusan gefe, kada a cire shi duka don yana ɓacewa, a duba gefen allurar da yake shafaffe, a tura ta har ta tokare kafin a ɗaure. Injiniya yana ta dannawa a waya.

"Ka rubuta duka?"

"Na rubuta, Baba. Bari in tura mata."

"Ba sai ka tura ba," in ji Baba. "Mai tambayar ya ji. Shekara talatin nake jira ka tambaye ni wani abu, sai yau, shi ma da sunan mace. Je ka ɗauko keken uwarka a bayan ƙofa. Ka taho da sukundireba."

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin teloli bakwai, ko malama ɗaya, ko wata mata da wataƙila har yau take zaune a wani gari da keken da ke cin yadin mutane, tana ganin ta ba da lambarta an ƙi kira. Baƙi na yi alkawari, baƙi kuma an samu. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa mai karatu, ko barcin rana, ko yardar matarsa, ya nemi yatsansa, kada ya neme ni.

Injiniya dai ya daina ɗaga wayata. An ce yanzu da an tashi aiki gida yake nufa, a gan shi a baranda da keke a warwatse, hannu duk baƙin mai, tsohon yana daga kujera yana cewa, "Ba nan ba! Wai kai ba ka gani ne?" Na leƙa shafinsa jiya, mita ta nuna baƙo ɗaya, kuma ni ne. A ƙa'idar sana'armu wannan faɗuwa ce, kuma ba ni na koya masa ba.