Ruwan Kabeji a Fangalin Baba Sule

Ba zan taɓa mantawa da ranin da na naɗa wa kaina rawanin malamin gona ba. Na ɗan haura arba'in a lokacin, kuma watana bakwai da shiga ajin yaƙi da jahilci na garinmu, Fassi. Bayan la'asar muke zama a firamare, a kan bencin da yara suka tashi (gwiwoyina ba su taɓa yarda sun shiga ƙarƙashin teburin ba). Ni ba mai saurin ɗauka ba ne, haƙuri kawai gare ni. Layin da wani zai rubuta ya ajiye biro, ni ina nan a kansa, harshe a waje.

Wata rana malaminmu ya gayyato wani matashin malamin gona daga Rano ya yi mana bayani a kan kabeji, tunda yawancinmu 'yan noman rani ne. Ya ce kabeji da danginsa suna da wani sinadari a cikin ganyensu. Muddin ganyen yana lafiya, sinadarin a kwance yake. Da zarar an ciji ganyen ko an murje shi, sai ya farka ya zama warin nan mai hawa hanci da ake ji wajen yanka. Ya ce makamin kabeji ke nan, yawancin ƙwari da sun ɗanɗana sai su ƙara gaba.

Maganar ta burge ni, na sunkuya zan rubuta ta. To ni idan ina rubutu, kunnena a toshe yake. Ina can ina jera baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, mutumin ya ci gaba da bayani, ya zana wani abu a allo, 'yan aji suka yi dariya, ya goge. Da na ɗago kai har ya koma kan maganar taki. Ban tambayi kowa abin da ya wuce ni ba. A ganina na kama kan zancen, saura ƙarin gishiri ne.

A hanyar gida dabara ta zo mini. Mu nan idan ƙwari sun dame mu, ganyen darbejiya muke dakawa, mu jiƙa ya kwana, mu tace mu fesa. Na ce to, tunda murje ganyen kabeji ne ke tayar da makamin, me zai hana in daka ganyen ƙasa waɗanda muke jefa wa awaki, in jiƙa, in fesa a kan kabejin? Makami ya zama biyu, na ciki da na waje. Na yi mamakin yadda ba wanda ya taɓa tunanin haka (ban yi mamakin dalilin ba).

Da a kaina na tsaya, da labarin bai kai a ba shi ba. Amma akwai Baba Sule. Aminin mahaifina ne, fangalinsa suna jikin nawa a bakin rafi, kuma shi ya koya mini noman rani tun ina saurayi. Shekara ashirin da wani abu ina tambayarsa, bai taɓa tambayata komai ba. Tun da na shiga aji ya sa mini suna ɗan makaranta. Yana da fangali shida na kabeji a shekarar, waɗanda ya auna su isa daidai azumi, lokacin da motocin Kano ke zuwa har gona suna nema. Su ne abin da ya dogara da shi, don ƙarfinsa bai kai ya noma wani abu ba.

Na kai masa littafina na karanta masa layin nan biyu. Bai iya boko ba, amma ya karɓa ya daɗe yana duban shafin. Sannan ya ce, "In dai a rubuce yake, ɗan makaranta, yi mini nawa ma." Na ƙara masa da cewa ya huta da darbejiya, ya kuma huta da bin ganye kowace safiya yana juyawa yana murtsuke ƙwan ƙwari da yatsa. Na ce masa wannan wahalar zamanin da ce.

Turmin matata Hajara na ara. Mako guda duk abin da aka daka a gidan yana warin kabeji, har kunu. Ta tambaye ni ko bokon ne ya ce sai da turminta, na ce ilimi ba ya tafiya sai da sadaukarwa. Kowane kwana uku ina fesawa, nawa da na Baba Sule.

Bayan mako biyu na fara ganin wasu ƙananan ƙwari masu fiffike, toka-toka, suna tashi idan na ratsa fangalin. Na ce gudu suke yi. Na ga 'yan huji a ganye, na ce wurin da suka ɗanɗana suka ji ba daɗi ne. Na kai wa malaminmu labari, shi kuma, saboda murnar ɗalibinsa ya yi aiki da karatu, ya sa rana a zo da 'yan aji a gani, har da malamin gonan.

Ranar Asabar da hantsi suka iso, mutum wajen ashirin. Na sa farar riga a gona, na maƙala biro a aljihu. Na tsaya a kan kunya na yi jawabi, na faɗi sinadari ya fi sau biyar. Baba Sule yana gefe, ya dogara da fartanya, yana gyaɗa kai. Malamin gonan ya saurara har na gama. Ya shinshina duron da nake jiƙa ganyen a ciki, ya ja baya. Sai ya tsuguna gaban wani ƙaton kabeji na Baba Sule wanda ya fara dunƙulewa, ya buɗa ganyen da hannu biyu.

Cikin kamar rariya. Ƙananan tsutsotsi koraye suna ta wutsil-wutsil, wasu suna zubowa a jikin zare kamar na gizo-gizo. Ya buɗa na biyu, haka. Na uku, haka.

Ya miƙe ya karkaɗe hannu, ya yi magana a hankali, irin ta wanda ba ya son kunyata babba. Ya ce, "Yaya, ai wannan ita ce wadda na zana muku a allo. Sauran ƙwari warin ke korar su. Ita uwar wannan da warin take gano kabeji ta zo ta yi ƙwai." Ya ƙara da cewa tsutsar tana da abin da ke kashe kaifin sinadarin a cikinta, shi ya sa take cin kabeji kamar tuwo. Ba zai rantse cewa ruwana kaɗai ne ya tara su ba, in ji shi, amma na yi musu shela, sannan na sallami mai gadi, wato darbejiya da bin ganye.

Ɗanlami direba, wanda ke zama a bayana a aji, ya ce, "Ashe walima ka haɗa musu, har da katin gayyata." Aka kwashe da dariya. Wani ya tuna wa jama'a cewa ranar da aka yi bayanin ina duƙe ina rubutu. Malaminmu ya tsura wa rafi ido kamar bai taɓa ganin ruwa ba. Baba Sule bai yi dariya ba, bai kuma dube ni ba. Kabejinsa yake kallo. Na so a ce zagina ya yi.

Washegari da sassafe na tarar da shi a tsugune yana tsince tsutsa yana jefawa a gwangwani. Na tsuguna kusa da shi. Kwana tara muka yi a haka, muka koma wa darbejiya. Fangali huɗu suka tsira, biyu awaki suka ci. Nawa kuwa ko ɗaya bai kai kasuwa ba, don ban sami lokacinsu ba. A duk kwanakin nan sau ɗaya ya taɓo zancen, bai ma ɗago kai ba.

"Ɗan makaranta, gobe in za ka aji ka tafi da kunnenka. Takarda ba ta da nata."

Har yau ina zuwa aji, rubutuna ma ya ɗan yi sauri. Sai dai yanzu idan magana ta wuce ni, ina ɗaga hannu a maimaita, ko da yara-yaran ajin za su yi dariya. Na gane dariyar aji a aji take tsayawa. Ta gona kuwa, sai da na je kasuwar Kibiya na tarar ta riga ni isa.